Labaran firgici na makarantar kwana: me 'ya'yanmu ke karantawa da tsakar dare?

Shin labarin da ke hana yarinya barci cutar da ita yake yi, ko kuwa wani ƙurji da ta daɗe tana ɓoyewa yake sosa mata? Ba ni na ƙirƙiro tambayar ba. Yayata ce ta jefo mini ita a hutun da ya wuce, a gidanta da ke Unguwar Sanusi a Kaduna, bayan ta kama 'yarta mai shekara 16 ƙudundune cikin bargo da waya ƙarfe biyun dare. Ta ɗauka saurayi ne. Da ta ƙwace wayar sai ta tarar littafi ne, kuma ba na soyayya ba. Labarin wata ɗaliba ce a makarantar kwana da ta wayi gari babu ƙawarta mai kwana a gadon sama, duk wanda ta tambaya kuma, daga metiron har 'yan ɗakinsu, sai ya ce ai ba a taɓa yin yarinya mai wannan suna a makarantar ba.

"Kai da ka san harkar littattafai," in ji Yaya, "wannan abin ba zai taɓa mata ƙwaƙwalwa ba?"

Ba ita kaɗai ke wannan tambaya ba. A zaurukan WhatsApp na iyaye da na tsofaffin ɗalibai, da zarar an tayar da zancen sai a rabu gida biyu: masu cewa marubuta na cusa wa yara tsoro da ƙin makaranta, da masu cewa a bar yara su yi karatu tunda dai ba batsa ba ce. Abin da na lura shi ne, kusan duk ana gardamar ba tare da an tsaya an san mene ne abin ba.

Wane irin labari ne wannan?

Da farko dai littafin matasa ne, wato wanda aka rubuta domin 'yan shekara 12 zuwa 18, jarumar sa'arsu ce, kuma da bakinta ake ba da labarin. Manya suna ciki, amma ko dai ba sa ji, ko ba sa yarda, ko su ne matsalar.

Na biyu, labarin zullumi ne wanda fagen famansa ƙwaƙwalwa ce. A nan ake yawan ruɗewa. Ba labarin aljanu da mayu da fatalwa ba ne, inda dodon yake zuwa daga waje. Ba kuma na 'yan fashi da 'yan sanda ba ne, inda bindiga ke raba gardama. A wannan salo abin da ke ɗaure mai karatu shi ne: abin da yarinyar nan take gani ya faru kuwa? Ita ake raina wa hankali, ko ita ce hankalinta ya gushe? Marubuci yakan ba ka mai ba da labari wadda ba za ka iya dogara da ita ɗari bisa ɗari ba, dabarar da wani masanin adabi ɗan Amurka, Wayne Booth, ya raɗa wa suna a 1961. Ba lallai ƙarya take yi ba. Wataƙila ta manta, wataƙila zuciyarta ta rufe wani ɗaki ta jefar da makullin. Sai can ƙarshe a buɗe ɗakin.

Har yanzu soyayya da kishi da rikicin gidan aure su ne ke riƙe da kasuwar littattafan Hausa, kamar yadda suke tun tashen adabin kasuwar Kano a shekarun 1980. Abin da ya canza shi ne hanya. Yau littafi ba sai an je kasuwa an yi hayarsa ba. Yana Wattpad, yana Telegram, yana zauren WhatsApp da ake biyan 'yan ɗaruruwan naira a shiga, ga masu karanta shi da murya a YouTube. Yarinyar da ke Tudun Wada tana karanta na Hausa da na Turanci a waya guda, marubuciyar da ta tashi a haka kuwa dole wata rana ta gwada salon da ta gani da labarin hostel ɗinsu.

Me ya sa sai makarantar kwana?

Domin marubucin zullumi ba abin da yake nema kamar wurin da aka kewaye da katanga, ƙofa ɗaya, maigadi ɗaya, babu waya, babu uwa. Makarantar kwana ta ba shi wannan a ɓagas. Ta ƙara masa da dare, da ɗakin kwana mai gado hamsin da ƙwan lantarki guda, da banɗakin da ke can bayan gini.

Amma babban abin shi ne mulki. Tsarin da muka gada daga Turawa, irin na makarantun 'ya'yan manya a Ingila, ya ɗora horon ƙanana a hannun manyan ɗalibai. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, ta dawo Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, wadda muka sani da Barewa, a kan wannan tsari aka gina ta, kuma ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa. Ba wanda zai ce tsarin bai haifar da mutane ba. Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri, da ta gwamnatin tarayya da ke Malali, da Alhudahuda, duk suna da tsofaffin ɗaliban da ke alfahari da su har gobe. Sai dai tsarin da ya ba ɗan shekara 17 iko a kan ɗan shekara 11 daga bayan firef zuwa asuba, lokacin da malamai ke gidajensu, ya dogara ne kacokan ga halin ɗan shekara 17 ɗin. In an dace, ya zama yaya. In ba a dace ba, juniya ya zama bawa: ɗebo ruwa, wanki, miƙa naman da ke kan gabzarsa, tsallen kwaɗo, gwale-gwale, kwana a ƙarƙashin gado.

Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba, wadda ta fi ta firinsifal ƙarfi: ba a kai ƙara. Wanda ya kai, ya ga abin da ya fi na farko. Idan ya daure har ranar bisitin ya faɗa wa mahaifinsa, amsar sananniya ce: "Mu ma haka muka yi, ka yi haƙuri, kai ma za ka zama siniya." Wannan jimla ta ƙarshe, in ka dube ta da kyau, ba lallashi ba ce. Alƙawari ne cewa wata rana shi ma zai samu wanda zai rama a kansa.

A Ingila, inda ake kai yara makarantar kwana tun suna shekara bakwai ko takwas, wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Joy Schaverien, ta yi rubutu a 2011 kan abin da ta kira ciwon makarantar kwana: manyan mutane masu nasara a waje, amma ba sa iya kusantar kowa a zuci, domin tun suna yara suka koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. Ba cuta ba ce da likitoci suka sa a kundinsu, kuma namu yaran sun fi nasu girma lokacin da suke tafiya. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa da akwatin ƙarfe yana kallon ƙurar motar da ta kawo shi ya san abin da take nufi.

Tabon da ido ba ya gani

Kalmar Turanci "trauma" da ake fassarawa da tabon zuciya ko raunin ƙwaƙwalwa ba tana nufin ɓacin rai ba. Kowa ransa na ɓaci. Ana nufin abin da ya auka wa mutum ya fi ƙarfinsa, ya ji mutuwa ko wulaƙanci ya zo kuma ba mafita, har jikinsa ya kasa yarda cewa abin ya wuce.

Ga yadda yake aiki a taƙaice. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne maigadi. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya cika da sinadaran gudu ko faɗa, zuciya ta hau bugu. Wani lokacin ba gudu ba faɗa, sai mutum ya sandare kamar gunki, abin da ke sa yara da yawa zargin kansu daga baya: me ya sa ban yi ihu ba? A daidai wannan lokaci sashen da ke jera abubuwan da suka faru bi da bi, hifokamfus, ba ya aiki yadda ya saba. Shi ya sa abin ba ya zama labari mai farko da ƙarshe. Guntu-guntu yake zama: warin izal, ƙarar bokitin ƙarfe, takun takalmi a baranda. Shekaru goma bayan haka mutum ya ji irin wannan wari a asibiti, gumi ya karyo masa, bai san dalili ba.

Idan alamomin suka wuce wata guda suna hana mutum rayuwa, likitoci na kiransa PTSD, sunan da ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980 bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamomin sun haɗa da mugun mafarki da dawowar abin kamar yanzu yake faruwa, da gudun duk abin da ke tuna shi, da zabura a kan ƙaramin motsi, da ganin kai a matsayin mai laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta da ya fara aiki a 2022, ta ware wani nau'i na daban ga wanda aka daɗe ana cutarwa a wurin da ba zai iya gudu ba. Ba duk wanda ya sha wuya ke kamuwa ba, mafi yawa suna warwarewa, musamman in sun samu babba guda da ya saurare su ya yarda da su.

To, sake duba salon labarin da muka fara da shi. Mai ba da labari da ke mantuwa, lokaci da ke tsalle gaba da baya, ƙaramin abu da ke tayar da hankali ba gaira ba dalili, manya da ke cewa ba abin da ya faru. Wannan ba dabarar jan hankali ce kawai ba. Kusan haka ƙwaƙwalwar wanda aka cutar take ba da labari. A ganina wannan ne sirrin da ya sa wasu yaran ke manne wa irin waɗannan littattafai fiye da yadda nishaɗi kaɗai zai bayyana.

Aljanu ne, ko ƙwaƙwalwa?

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata ta san daren da ɗaya za ta faɗi tana ihu, kafin a jima biyar sun bi ta, kafin asuba ɗaki ya hargitse. A tsakiyar shekarun 1990 an yi irin wannan a makarantun Kano har sunan Sumbuƙa, aljanar da aka ce ita ke kama su, ya zaga Arewa, masu ruƙiyya suka yi tashe. Makarantun Kudu kuma suna da fatalwar da suke kira Madam Koi-Koi mai jan takalmi, wadda labarinta ya iso hostel-hostel ɗinmu tuntuni.

Ba na zo in yi jayayya da abin da addini ya tabbatar game da aljanu ba. Abin da likitoci ke cewa shi ne, akwai wani yanayi sananne a duniya inda damuwa ke fita ta jiki, da suma, da karkarwa, da shanyewar ƙafa, ta kuma yaɗu tsakanin mutanen da ke kulle wuri guda cikin matsi, kuma an fi ganinsa a makarantun 'yan mata da masana'antu. Yarinyar ba ƙarya take yi ba. Matsalar ita ce, da an ce "iska ce", an rufe littafin tambaya. Ba mai sake cewa: wa ke shiga ɗakinsu da dare, wace siniya ce ke kiranta kwanarta, me ya faru makon da ya gabata? A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi tambayar. Marubutan da suka iya wannan salo sukan fara da abin da ya yi kama da aljani, su ƙare da mutum mai suna da muƙami.

Kaduna ba ta buƙatar aron dodo

Yaron da ke aji shida yau yana ƙarami lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021. Wata guda bayan haka aka shiga jami'ar Greenfield, aka kashe biyar daga cikin waɗanda aka sace. A ranar 5 ga Yuli na shekarar aka fasa katangar makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun da tsakar dare aka tafi da yara 121, aka riƙa sako su kashi-kashi, na ƙarshensu bai dawo ba sai bayan fiye da shekara biyu. Gwamnati ta rufe makarantu 13 a lokacin. A Maris na 2024 aka yi na Kuriga, inda aka dawo da yara 137 bayan sama da mako biyu. Kafin duk wannan, a Satumban 2019, 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu domin a gyara musu tarbiyya.

Ana ƙirga waɗanda aka sace da waɗanda aka sako. Ba a ƙirga dubban da suka kwana a wasu makarantun suna sauraron ko ƙarar babur ce suke ji. Idan irin wannan yaro ya ɗauki labarin da ake bin wata a duhun hostel, ba marubuci ne ya koya masa tsoro ba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Zargin littafi da ɓata yara ba sabo ba ne. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan makaranta a bainar jama'a, karatun kuwa bai tsaya ba, waya ya koma. Amma kuskure ne a yi watsi da duk abin da iyaye ke faɗa.

Da yawa daga cikin labaran nan suna ƙarewa da cewa mai taɓin hankali ita ce makashiya. Wannan ya fi komai ba ni haushi, domin a garin da "a kai ka Barnawa", unguwar da asibitin ƙwaƙwalwa yake, zagi ne, marubuci ya ƙara wa mai neman magani wani dalilin ɓuya. Sannan tsarin sayar da littafi shafi-shafi a zauren kuɗi yana tura marubuciya ta ƙara jini da azaba kowane dare don kada masu biya su watse, har fyaɗe ya zama kayan jan kasuwa. Babu mai tacewa, babu alamar shekaru, littafin da aka rubuta wa matan aure yana faɗawa hannun 'yar aji biyu.

Mafi haɗari shi ne batun kashe kai. Tun 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa yayata irin wannan mutuwa na iya sa wasu kwaikwayo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗin kada a bayyana hanya, kada a mai da abin jarumta ko ramuwar gayya. Kamfanin Netflix da kansa sai da ya yanke wani fage daga wani shirinsa na 'yan sakandare a 2019, shekara biyu bayan fitowarsa, saboda ƙorafin likitoci. Marubuciyar da ke rubutu a waya a Kawo ba ta da likitan da zai ja mata kunne.

Abin da masu karewa ke gani

Hujjarsu ita ce labari na ba yaro suna ga abin da ba shi da sunansa, kuma yana ba shi tazara: ba ni ba ce, wata ce a littafi, in ya yi zafi in rufe. Suna da abin kafa hujja. Binciken James Pennebaker na 1986 ya nuna cewa ɗaliban da suka rubuta abin da ke cin ransu na minti 15 a kwana huɗu a jere sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo. A 2010 masu bincike a Ostiriya suka nuna cewa labarin wanda ya shiga ƙunci ya fita ta hanyar neman taimako yana iya zama kariya ga mai karatu.

Sai dai littafi ba magani ba ne. Wadda rauninta ɗanye ne, shafi guda na iya mayar da ita daren da take gudu.

Me ya rage wa iyaye da malamai?

A takarda an ci gaba. Jihar Kaduna na da dokar kare yara tun 2018. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, da sashen da ke asibitin koyarwa na Shika. Amma likitocin wannan fanni a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, malamin ba da shawara kuwa a makarantu da yawa an ɗora masa darasi da rajista har ba ya da lokacin zama da kowa. Saboda haka aikin yana komowa gida: a lura da yaron da ya dawo hutu yana fitsarin kwance bayan ya daina tuntuni, ko ya daina cin abinci, ko zazzaɓi ke kama shi duk jajibirin komawa, ko ya zama mugu ga ƙannensa.

Na ce wa Yaya ta mayar da wayar, amma ta karanta littafin tukuna. Ta yi kwana uku a kai. Da ta gama ba ta tambayi 'yar ko wani ya taɓa ta ba, cewa ta yi: "A makarantarku akwai irin wannan siniyar?"

Yarinyar ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce akwai wata 'yar aji ɗaya da ke fitsarin kwance, 'yan ajinsu suka ɗora mata katifar a ka suka zaga da ita hostel ana tafi ana waƙa. Ita ba ta yi waƙar ba, amma tana tsaye, kuma ita ce mai kula da ɗakin. Tun ranar 'yar aji ɗayan ba ta sake yin magana da kowa ba.

"Umma, ni ce siniyar," in ji ta.

Yaya ta ce ranar komawa ba direba zai kai ta ba, da kanta za ta je, kuma sai ta ga metiron da uwar wannan yarinya. Da na tashi tafiya ta rako ni bakin ƙofa, ta tsaya tana murza gefen mayafinta, sannan ta ce, ita ma a aji ɗaya an taɓa ɗora mata katifa. Shekara talatin ke nan muna ci a kwano ɗaya, ban taɓa ji ba.